Jawabi a kan baƙin hayaƙi: a auna shi, daga Ƙonni har Illela



Idan aka yi zancen gurɓatar iska a jahar Tawa, sai kowa ya nuna gidan simintin Malbaza, domin ƙurarsa a fili take. Amma akwai wata dauɗa wadda ba a kai ƙara a kanta: baƙin hayaƙi, wato kunkunniyar nan da ke like a rufin madafi. Daga wutar itace take fita, da ƙona shara, da manyan motoci masu shan gazuwal waɗanda ke jiran duwan a Birnin Ƙonni ko lodin albasa a Galmi.

Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, suna ratsa huhu su shiga jini. A 2012 cibiyar binciken sankara ta hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da ke kawo sankarar huhu. Hukumar kuma ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gidaje ya kashe mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020.

Awonta a iska ba shi da wuya. Na'ura ce ke zuƙo iska ta cikin farar matata, sannan ta haska ta. Gwargwadon hasken da baƙin ya tare, gwargwadon yawansa. A jiki ma ana iya awo. Masanan jami'ar Hasselt ta ƙasar Beljik sun ƙidaya ƙwayoyin cikin fitsarin yara a 2017, a 2019 kuma suka same su cikin mabiyiya, a ɓangaren da ke fuskantar ɗan tayi. Ke nan yaro na iya gamuwa da hayaƙin murhu tun bai zo duniya ba.

Nijar ba baƙuwar awo ba ce: a 2006 an auna ƙurar iska a Banizumbu, gabas da Yamai. Sai dai ƙurar hunturu daban, kunkunniya daban. Hunturu ba ya jin doka, amma hayaƙi aikin hannun mutum ne, yana raguwa da murhun zamani, da gaz, da gyaran mota.

Don haka ya kamata ƴan kasuwa da ma'aikata su nemi hukumomi su sa kuɗin awo cikin kasafi, a auna a tashar Ƙonni, da unguwannin Malbaza, da madafan Illela, a kafa sakamakon a ƙofar ma'aikata kowa ya karanta. Talakan da ya biya haraji yana da haƙƙin sanin abin da ɗiyansa ke shaƙa.