Jinja Iri Biyu Ce: Ta Gaskiya Da Ta Algus

Ranka ya daɗe shugaba, malamai, iyaye da 'yan'uwana 'yan ƙasar Katagum mazauna Legas, ina gaisuwa.

A taron da ya wuce, wani yaronmu ya miƙe ya ce zamanmu ya yi sanyi, sai an yi masa "jinja". Wasu dattawa suka ɗauka zagi ne. To ba zagi ba ne. Jinja da Turanci ita ce cittar nan da nake auna muku a mudu. Amma Bature kan mai da kalmar aiki: in ya ce a yi wa abu jinja, yana nufin a sa masa kuzari, a ƙara masa armashi. 'Yan kudu sun karɓe ta, har in ɗan ƙwallo ya yi laƙwas sai ka ji ana cewa a ba shi jinja. Mu a Azare sai mu ce a zaburar da shi.

Sai dai da na tambayi masu boko asalinta, na ji abin kunya. A Ingila a da can, dillalan dawaki ne ke cusa wa tsohon doki ɗanyar citta ƙarƙashin wutsiya, a gafarce ni. Zafi ya sa ya ɗaga wutsiya yana rawa, mai saye ya ɗauka ingarma ne. Wani ƙamus na shekarar 1785 ya ambaci wannan dabara. Kashegari doki ya koma yadda yake, kuɗi kuwa sun tafi. Mu 'yan kasuwa mun san sunan wannan: algus, kuma tun muna Islamiyya aka koya mana haramcinsa. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Katagum ya san dokin da ya ci dawa da harawa daban yake.

To jama'a, wace jinja muke so? An kawo shawarar a ɗauko makaɗa da lasifika. Ban ƙi ba. Amma watan jiya da ɗan'uwanmu ya kwanta asibiti, asusun ƙungiya bai iya sayen magani ba, sai da muka bi rumfa-rumfa. Kiɗan yini ɗaya ba zai cika asusu ba.

Ga tawa shawara. A fara taro a kan lokaci. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da wanda ya fita, kowa ya ji. A ba samari kujera biyu a kwamiti, su ma su yi magana.

Kun tuna 2023, da cuta ta kama gonakin citta a Kachia da Kafanchan, farashi ya yi tashin gwauron zabo? Kowa ya ga ba a samun citta sai gona na da lafiya. Mu gyara gonarmu tukuna.

Allah ya haɗa kanmu, ya mai da mu gida lafiya. Wassalamu alaikum.