Atinin da Ya Ƙi Jin Magani: Binciken Haɗin Gwiwa Kan Cututtukan Hanji a Magarya da Dungas



A Magarya ko Dungas, in mutum ya zo asibiti yana zawo da jini da majina, atini ake fara zato, kuma galibi shi ne. Abin dubawa shi ne wanda ya sha magani har ya gaji, ya yi wata da watanni yana ramewa, wando na zame masa daga ƙugu, jinin kuma bai tsaya ba.

A nan likita ke shiga tsaka mai wuya. Akwai kumburin hanji mai daɗewa, irin wanda Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a New York a 1932. Akwai tarin fuka na hanji, wanda ke kama wuri ɗaya da cutar Crohn, wato ƙarshen ƙaramin hanji, har ƙwararru kan kasa bambance su. Maganin Crohn yana danne garkuwar jiki. In aka ba mai tarin fuka, cutar ta samu filin yaɗuwa. Sannan ga sankarar hanji, ita ma da jini take sallama. Rarrabe su yana buƙatar bututu mai kyamara da za a leƙa hanjin da shi, a gutsuro ɗan nama, masani ya duba a madubin likita.

Wannan ba aikin asibiti ɗaya ba ne. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara a Uganda. Naman da aka riƙa aikawa daga Kampala zuwa Landan ne ya kai masu bincike Epstein, Barr da Achong ga gano ƙwayar cutar da ke da hannu a ciwon, a 1964. A Nijeriya kuma, likitocin Ile-Ife da na cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Amurka sun haɗa kai tun 2013, suka gano cewa sankarar hanjin ƴan Nijeriya ta sha bamban da ta Amurkawa a ƙwayoyin halitta. Ke nan maganin da aka auna da jikin wasu ba lalle ya dace da namu ba.

Yankin nan ba baƙon irin wannan aiki ba ne. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana kula da yara masu tamowa a Magarya tun 2005. A Madarunfa ta jihar Maraɗi, cibiyar Epicentre da hukumomin lafiya na Nijar sun gwada rigakafin zawon rota mai jure zafi, na kamfanin Serum na Indiya, a kan jarirai kusan 3,500. Sakamakon ya fito a 2017: rigakafin ya rage zawo mai tsanani da kashi biyu cikin uku. 

Abin da ya rage shi ne a waiwayi manya. A buɗe rajistar masu zawon jini mai daɗewa a asibitocin Magarya da Dungas, a tsara hanyar kai samfuri Damagaram da dawo da sakamako kan lokaci, duk yarjejeniyar bincike da baƙi kuma ta ƙunshi horar da ɗaliban Jami'ar André Salifou kan duba nama.