Daga Takarda Zuwa Na'ura: Jawabi Kan Fom ɗin Neman Izinin Haƙar Ma'adinai



Duk wanda ya san ƙasar Jos ya san kududdufan da haƙar kuza ta bari, tun daga Naraguta har Bukur da Barikin Ladi. A farkon shekarun 1900 ne kamfanonin Turawa suka kafa sansani a kan tsaunin, suna karɓar filaye bisa takardar izini. Da kasuwar kuza ta rushe a Landan cikin 1985, sai manyan kamfanoni suka ja da baya, aikin ya koma galibi hannun ƙananan mahaƙa. Su ne wannan jawabi ya fi shafa, gama takardar neman izini ta sake kama.

A da, mai nema yakan cika fom da alƙalami, ya haɗa da taswirar da safiyo ya zana, akawu ya buga hatimi ya sa a fayil. Takarda kuwa tana da haƙuri. In layi ya gaza, sai a ƙarasa a gefe. In an yi kure, a soke a gyara. Amma fayil yakan ɓata, gara takan ci, wani lokaci kuma iyakar wani ta hau kan ta wani, har a kai ga shari'a.

Tsarin mulki ya sa dukkan ma'adinan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya. Bisa ga haka Dokar Ma'adinai ta 2007 ta tanadi ofishin rajistar filayen haƙa, wanda hedkwatarsa ke Abuja. Cikin Nuwamba 1922 ba a san wannan ba, amma cikin Nuwamba 2022 ofishin ya buɗe tsarin da ake kira eMC+, watau hanyar miƙa takardar nema ta intanet.

Ya kamata a gane cewa mai da takarda fom ɗin kwamfuta ba ɗaukar hotonta ba ne. Ma'aikata sukan bi tsohuwar takarda layi layi, su ware kowace tambaya su ba ta gurbinta, su kuma kafa wa kowane gurbi sharaɗi. Wani gurbi lamba kaɗai yake karɓa, wani kwanan wata, wani kuma sai a zaɓa daga jerin da aka tanada. Amsoshin su ne ke taruwa a rumbun bayanai, inda na'ura ke gwada sabuwar buƙata da dukkan waɗanda suka riga ta. Wannan ya jawo sauyi uku da suka wajaba mahaƙi ya kiyaye.

Na farko, iyaka. An rarraba taswirar Nijeriya gida-gida kamar dara, kowane gida kimanin hekta 20. Ba a kwatanta fili da rafi ko dutse ko kuka. Lambobin kusurwoyinsa ake shigarwa. Izinin ƙaramar haƙa ba ya wuce murabba'in kilomita 3, na bincike kuwa ba ya wuce 200. Kuskuren lamba guda yana iya ɗauke filin mutum daga Bukur ya kai shi wata ƙaramar hukuma, ko ya aza shi kan filin da ke hannun wani, a ƙi buƙatarsa. Don haka lalle a nemi safiyo mai rajista, a kuma karanta lambobin sau biyu kafin a aika.

Na biyu, lokaci. Ƙa'idar doka ita ce wanda ya riga miƙa cikakkiyar buƙata shi ake fara dubawa, na'ura kuwa tana riƙe da ranar da sa'ar da kowace ta shiga. Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Mutum yana iya shekara goma yana wankin kuza a wuri ba da takarda ba, wani ya zo ya nemi wurin bisa ƙa'ida a ba shi.

Na uku, suna. A wurin na'ura Muhammadu dabam, Mamman dabam, ko da mutum ɗaya ne. Sunan da ke kan takardar rajistar kamfani ko ƙungiyar gama kai shi za a rubuta ko'ina, harafi da harafi. Haka kuma doka ta nemi a sami yardar mai gona ko mai filin da za a haƙa, a rubuce, kuma sunansa ya dace da na takardunsa.

Wanda bai iya aiki da kwamfuta ba, babu laifi ya nemi taimako, amma kada ya bar wa kowa lambar sirrinsa, kada kuma a aika kafin a karanta masa abin da aka cika. Ƙananan mahaƙa da suka haɗu a ƙungiyar gama kai sun fi samun sauƙin biyan safiyo da kuɗin nema, doka kuma ta yarda ƙungiya ta riƙe izini da sunanta. A adana rasit da kwafin duk abin da aka aika, domin su ne shaida ranar da gardama ta taso.

Allah ya ba da sa'a, ya tsare mahaƙa a bakin aikinsu.