Ciwon Kafaɗa da Maganinsa ta Hanyar Motsa Jiki



Duk cikin gaɓoɓin jikin ɗan Adam babu wadda Allah ya hore wa sakewa kamar kafaɗa. Dalili kuwa shi ne, kan ƙashin dantse dunƙulalle ne babba, gurbin da yake zaune a jikin allon kafaɗa kuwa ƙarami ne marar zurfi, tamkar an ɗora tulu a kan gammo. Ba ƙashi ne ke riƙe da gaɓar ba. Tsokoki 4 ne da jijiyoyinsu suka kewaye ta, tare da wani tantani mai kama da jaka wanda ya lulluɓe ta. To, tsoka idan ba ta aiki sai ta yi rauni, tantanin nan kuma idan an daɗe ba a miƙa shi ba sai ya tsuke.

Wannan shi ya sa al'adar da aka saba da ita take jawo ɓarna. Da zarar kafaɗa ta soma ciwo sai a ce sanyi ne, a shafa mai, a maƙale hannu a ƙirji, wani ma har ya je wanzami ya yi masa ƙaho. Hutun kwana 2 ko 3 ba laifi ba ne. Amma wanda ya yi makonni yana lallashin hannunsa, ranar da zai ɗaga shi don sa riga sai ya tarar ya ƙi.

Galibi ciwon iri biyu ne. Na farko na jijiyoyin nan ne, wanda kan kama malamin da ke yini yana rubutu a allo, ko akawun da ke duƙe a kan tebur tun safe. Na biyu ya fi tsanani, watau sanƙarewar kafaɗa. Wani likitan Faransa, Duplay, ya bayyana ta a 1872, sa'an nan Codman, likitan fiɗa na birnin Boston a Amurka, ya yi cikakken bayani a kanta a 1934. Ta fi kama masu shekara 40 zuwa 60, musamman masu ciwon sukari. Takan fara da zogi mai hana barci, daga baya zogin ya lafa amma hannu ya ƙage, har mutum ya kasa kai shi aljihun baya. Sakinta kan ɗauki shekara 1 zuwa 3.

Motsin da ake fara koya wa majiyyaci, wanda har yau ake kira da sunan Codman, shi ne lilo. Mutum ya sunkuya, ya dafa tebur da lafiyayyen hannu, ya saki mai ciwon yana reto gaba da baya, sa'an nan yana kewayawa a hankali. Bayan wannan sai ya fuskanci bango, yatsunsa su riƙa tafiya sama kamar gizo-gizo, ya sa alama inda ya tsaya don ya gwada da na gobe. Yana kuma iya kwanciya rigingine ya riƙe sanda da hannu biyu, lafiyayyen ya ɗaga marar lafiyan. Idan zogi ya ragu sai a koma ga ƙarfafa tsoka: a ɗaura robar cikin tayar keke a jikin ƙofa, a manna gwiwar hannu a haƙarƙari, a riƙa ja waje ana saki sannu a hankali. Nan ne mutane da yawa ke gajiya su bari, alhali kuwa sai an yi kamar mako 12 ana yi kafin amfanin ya bayyana sosai. Ɗan jin ciwo lokacin motsi ba abin tsoro ba ne muddin ya kwanta kafin wayewar gari. Idan ya kwana yana ƙaruwa, an zarce, sai a rage. Ma'aikatan sashen gashi na asibiti su ne ke tsara wa kowa gwargwadon halinsa.

Masu ɗokin fiɗa kuwa ya kamata su ji wannan. A 2018 an buga sakamakon wani bincike a Birtaniya kan masu ciwon jijiyoyin kafaɗa. An kankare wa wasu ƙashi, wasu kuwa na'urar dubawa kawai aka zura musu aka fitar. Sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu bai bambanta da wani abin kirki ba.

Sai dai akwai ciwon da ba a yi masa lilo. Wanda ya faɗi kafaɗarsa ta goce, ko ya kasa ɗaga hannu gaba ɗaya, ko gaɓar ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, asibiti ya kamata ya nufa. Ciwon kafaɗar dama wani lokaci daga maɗaciya yake tasowa. Idan kuwa kafaɗar hagu ce, ga nauyin ƙirji da gumi da haki, lalle a yi zaton zuciya, a garzaya da shi wurin likita nan take.