Jawabi Kan Ciwon Gaɓar Muƙamuƙi



Kowa ya ɗora yatsa a gaban kunnensa, ya buɗe baki. Kun ji wani abu ya motsa? To, gaɓar muƙamuƙi ke nan. Da ita muke tauna, da ita muke magana. A cikinta akwai ɗan guringuntsi da ruwa mai santsi, su ke hana ƙashi gogar ƙashi.

Idan gaɓar ta sami matsala, mutum zai ji zafi a gaban kunne. Wani zai riƙa jin ƙas-ƙas in yana tauna. Wani kuma bakinsa zai ƙi buɗewa sosai. Bakin mai lafiya yakan ɗauki yatsu 3 a jere. Idan 2 ma da ƙyar suke shiga, akwai damuwa. Mai wannan ciwo ba ya cin abinci da kyau, sai ya rame, aikin gona ya gagare shi.

Abin da ke kawo shi ya haɗa da bugu, da cije haƙora cikin barci, da amosanin gaɓɓai.

Maganin farko shi ne hutar da baki. A dakata da rake, ƙashi, kilishi da aya. A koma kunu da fate. A riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi.

Idan ciwon ya ƙi, akwai aikin da ake kira wankin gaɓa. A 1991 likitoci suka bayyana shi. Ba fiɗa ba ce. Likita zai yi allurar kashe zafi. Sai ya soka allura 2 a gaban kunne. Ruwa mai tsabta, irin na ƙarin ruwa, ya shiga ta ɗaya, ya fito ta ɗayar. Ruwan zai wanko abin da ke haddasa kumburi, ya saki wurin da ya manne. Bayan haka akan zuba wani magani mai santsi, irin ruwan da Allah ya halitta a gaɓa. Kamar dai ka wanke sarƙar keke ka ɗiga mata mai ne.

Yawanci a ranar ake komawa gida. Wurin yakan ɗan kumbura kwana 1 ko 2. Likita zai koya muku motsa baki, kada ku yi wasa da shi.

Likitan haƙori da muƙamuƙi ne ke wannan aiki. Akwai irinsu a manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Shika a Zariya. Kada a ɓamɓare baki da cokali. Kada a yi tsaga. Kada mai kemis ya soka allura a wurin.

Gargaɗi na ƙarshe: idan baki ya sarƙe bayan ƙusa ta soki mutum, ko fuska ta kumbura da zazzaɓi, wannan wani ciwo ne dabam mai kisa. A garzaya asibiti a ranar.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.