Wasiƙar Bulus Zuwa Ga Filimon: Darasi Ga Ɗalibi Mai Rubutu

Yau maganarmu ta shafi 'ya'yanmu da ke kwaleji da jami'a. Iyaye, ku ma ku kasa kunne.

Malami yakan ba ɗalibi batu, ya ce ya ɗauki gefe ɗaya, ya rubuta hujjojin da za su gamsar da mai karatu. Wani ɗalibi yakan cika takarda da manyan kalmomi. Wani kuma yakan kwafo daga intanet. Duka biyun ba su koyi kome ba. Ranar da ƙauyensu zai bukaci mai rubuta wa hukuma a kan rijiya ko asibiti, wa zai rubuta?

Ku buɗe wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Filimon. Sura ɗaya ce, ayoyi 25 kawai. Bulus yana kurkuku. Unisimas, bawan Filimon, ya bar maigidansa, ya sadu da Bulus, ya ba da gaskiya. Yanzu Bulus yana so Filimon ya karɓe shi kamar ɗan'uwa. Wannan ba ƙaramin roƙo ba ne a zamanin mulkin Romawa.

Na ɗaya, Bulus ya san mai karatunsa. Ya fara da godiya ga Allah saboda ƙaunar Filimon, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne, ba daɗin baki ba.

Na biyu, bukatarsa ɗaya ce, ya kuma faɗe ta a fili a aya 17. Ɗalibi, in ba za ka iya faɗin matsayinka cikin jimla ɗaya ba, kada ka fara rubutu tukuna.

Na uku, ya kawo dalili. Unisimas ya sāke. Ma'anar sunansa ita ce mai amfani, kuma yanzu ya zama haka.

Na huɗu, bai guje wa ƙorafin ɗaya gefen ba. Filimon yana iya cewa ya yi asara. A aya 18 da 19 Bulus ya ɗauki bashin a kansa, ya rubuta da hannunsa. Kai ma ka nemo hujja mafi ƙarfi ta wanda bai yarda da kai ba, ka amsa ta da gaskiya.

Na biyar, yana da ikon ba da umarni, amma ya zaɓi roƙo, domin Filimon ya yi alherin da son ransa.

Ɗana, 'yata, za ka iya samun maki da lissafin ƙarya, amma ranar da aka gane, ba wanda zai ƙara gaskata alƙalaminka. A wannan mako, ka karanta wasiƙar sau biyu, sa'an nan ka sāke duba rubutunka.

Ubangiji ya ba ku hikima. Sai mun sāke saduwa mako mai zuwa. Amin.