Kuskuren Yaro a Gasar Zane

Shugabannin makarantu, malamai maza da mata, iyayen yara, da ku 'yan makaranta na Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa, da sauran unguwannin da ke ƙetaren kogin Kaduna, ina yi muku barka da zuwa. An ce in yi magana a kan gasar zane da aikin hannu, irin wadda makarantu su kan shirya wa yara a ƙarshen shekara. Ni kuwa ba gwanin zane ba ne, aikina watsa labarai. Amma akwai dalilin da ya hana ni zama gwani, da shi zan fara.

Sa'ad da na ke aji biyar, aka yi irin wannan gasa a makarantarmu, aka ce kowa ya zano doki. Na zana har sau uku, ko yaushe ƙafar baya sai ta fito a karkace. Na yi ta gogewa har takarda ta huje. Daga nan sai na sami wani littafi mai hoton doki, na ɗora farar takarda bisa kansa a jikin gilashin taga, na bi layi. Na zo na ɗaya, aka ba ni littattafan rubutu da fensir, aka yi mini tafi. Akwai wani yaro a ajinmu, shi nasa dokin wuyansa ya yi tsawo ainun. Da ya ga haka bai goge ba, sai ya ƙara masa tozo, ya mai da shi raƙumi. Aka yi ta yi masa dariya, ya koma gida hannu banza. Ga shi yau na girma, har yanzu ban iya zana doki ba. Ran nan shi ne ya yi zane, ni kuwa sata na yi, alƙalai suka ba ɓarawo lada.

Ba mu kaɗai wannan al'amari ya dama ba. A Amurka akwai wata gasa ta fasaha wadda ƙungiyar iyaye da malamai ta ƙasar ta ke shirya wa 'yan makaranta tun 1969, kowace shekara da kan maganarta. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 kan maganar shi ne yarda da kasawa, watau yaro ya dubi aibinsa ko aibin aikinsa, ya fitar da wani abu daga ciki. Amma ba sai mun tafi can ba, gama muna da misali wanda ya fi kusa da mu.

A 1957 wani saurayi mai suna Bruce Onobrakpeya, mutumin ƙasar Urhobo, ya zo Zariya koyon zane a Kwalejin Fasaha da Kimiyya, wadda daga baya, a 1962, ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello. A 1958 shi da abokansa, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Nufinsu su koyi dabarun Turawa, amma su yi aiki da zane-zanen da suka gada a garuruwansu. Sana'ar da Onobrakpeya ya fi shahara da ita kuwa ita ce bugun hoto. Ga yadda a ke yinsa. A kan zana hoto bisa farantin ƙarfe, a sa shi cikin ruwan asid ya ci gurbin layukan kaɗan, sa'an nan a shafa tawada, a danna takarda bisa farantin da matsi mai ƙarfi, hoto ya fito.

To, a 1967 sai asid ya yi masa ɓarna, ya ci farantinsa fiye da kima, ya bar ramuka. Da wani ne, da ya jefar da shi a juji ya yi shiru, kada a ji. Shi kuwa daga baya ya ɗauko farantin, ya cike ramukan da wani gam mai ƙarfi da a ke kira Araldite, ya gwada bugawa. Abin da ya fito a takarda ya bambanta da wanda ya saba gani, layukan suna da zurfi da tudu kamar sassaƙa. Ya ci gaba da gwaji har abin ya zama dabara mai zaman kanta, ya sa mata suna filastogiraf, da ita kuwa sunansa ya kai ƙasashen duniya. Ku lura, ba haɗarin ne ya yi hoton ba. Asid ya ɓata faranti ne kawai, kamar yadda zai ɓata na kowa. Mutumin da ya yi shekara goma yana koyon sana'arsa shi ne ya dubi ɓarnar, ya gane abin da za ta iya zama.

Kakanninmu ma sun san wannan. In ƙwarya ta tsage, uwargida ba ta yar da ita, sai ta kira gyartai ya huda gefen tsagar nan da can, ya ɗinke. Ɗinkin ba ya ɓoyuwa, ba kuwa wanda ya ce a ɓoye shi, da shi ma a ke gane gwanin gyartai. Mutanen Japan su kan haɗa fasasshen kwanon tangaran da wani irin ƙaro, su bi tsagar da garin zinariya. Mu zinariyar ce ba mu sa ba.

Mu mutanen ƙetaren kogi muna da wani dalili namu. Wannan yanki masaƙu ne suka raya shi. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, zamanin Sardauna Sir Ahmadu Bello, wasu kuma suka biyo baya, mutane suka taho daga ko'ina neman aiki. Da yawa cikin yaran da ke zaune nan jikokin ma'aikatan nan ne. A masaƙa kuwa darajar yadi ita ce kowane kamu ya zama daidai da ɗan'uwansa, wanda zarensa ya kauce sai a ware shi. Wannan daidai ne ga inji. Amma masaƙar nan ta rufe tun 2002, kuma ko da tana aiki, ba inji mu ke reno a aji ba. Ina ganin wani lokaci mu kan duba aikin yaro da idon mai duba yadi, mu nemi inda zare ya kauce kurum.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce jami'in watsa labarai ya ce ƙazanta ado ce. Ban faɗa ba. A lissafi bakwai sau takwas hamsin da shida ne, wanda ya rubuta hamsin da huɗu ya faɗi, ba wata dabara. A zane ma akwai lalaci, akwai ganganci, malami kuwa ya san su in ya gan su. Yaron da ya yi jagwalgwalo don yana sauri ya tafi ƙwallo daban ya ke da wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa, tawada ta zube masa, ya zauna ya yi tunani har ya mai da tabon ya zama tafki da shanu a bakinsa.

Saboda haka ga roƙona ga masu shirya gasa. Da fari, a yi aikin a makaranta, gaban malami. Kowa ya san abin da ke faruwa in an ce a tafi da shi gida, wa ne zai zana, ko a kai wa mai rubutun allon shago a biya shi. Kyauta ta tafi gidan mai kuɗi, yaro kuma ya koyi cewa hannunsa abin kunya ne. Sa'an nan a gwada, ko sau ɗaya, a karɓe robar goge rubutu, a ba kowa takarda ɗaya tak. In aikin ya ƙare, a sa yaro ya faɗa da bakinsa, ko ya rubuta layi biyu a bayan takardar, inda abin ya ƙwace masa da yadda ya yi da shi. Alƙalai su ba wannan maki nasa na musamman. Cikin alƙalan kuma a sa mai sana'a ko guda, tela ko mai ɗinkin hula ko maginiyar tukwane, gama su sun san kuskuren da a ke warwarewa da wanda a ke bi da shi.

Maganar kayan aiki ba ta da wuya. Akwai ƙyallayen da teloli ke zubarwa, akwai sakaina, da gawayi, da yumɓu, da kara. Makarantar da ba ta da kuɗin fenti ba ta da hujjar ƙin shiga.

Ku kuma iyaye, in yaro ya kawo muku abin da ya zana, kada kalmar farko ta zama, "Wannan kuma mene ne?" Ku ce ya ba ku labarinsa. Bahago kuwa, in ya ɗauki fensir da hagu, a ƙyale shi ya zana. Malaman da ke son a tattauna yadda za a raba makin nan, sai su dakata kaɗan bayan an sallami yara.